Gigin tsufa yana da siffa: daga gidajen Jakusko zuwa zaren amiloyid a ƙwaƙwalwa

"Tsufa ne." Da waɗannan kalmomi biyu ake rufe zance a gidaje da yawa na Jakusko, Gashuwa da Nguru idan dattijo ya fara maimaita tambayar da aka amsa masa ɗazu, ko ya idar da la'asar ya sake miƙewa zai yi alwala dominta, ko ya fita gonar da ya nome shekara hamsin ya kasa gane hanyar gida. In abin ya yi nisa sai a ce gigin tsufa ya kama shi, ko a ce ya koma yaro. In kuwa tsohuwa ce marar gata, tana surutai ita kaɗai cikin dare, wani lokaci maganar takan munana har a fara raɗe-raɗin iskoki ko maita. Da wuya a ji wanda zai ce ba ta da lafiya, a kai ta asibiti.

Alhali kuwa cuta ce. A mafi yawan lokuta wani abu ne yake taruwa a cikin ƙwaƙwalwa yana kashe ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya, kuma yau masana sun ga siffar wannan abu filla-filla. Sunansa amiloyid. Abin da ya sa labarinsa ya shafi mutanen arewacin Yobe fiye da yadda suke zato shi ne, ɗaya daga cikin 'yan Najeriya da suka yi zurfi a wannan fage ɗan Nguru ne, kuma ɗakin binciken da ya kafa yana Damaturu.

Abin da likitan Jamus ya gani

A shekarar 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana ɓata a cikin gidanta. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, bai daina bibiyar lamarinta ba har ta rasu a watan Afrilun 1906. Da ya yanka ƙwaƙwalwarta siriri-siriri ya duba a madubin likita, sai ya ga abu biyu. Na farko wasu dunƙule-dunƙule ne da suka taru a tsakanin ƙwayoyin jijiya. Na biyu wasu zaruruwa ne da suka sarƙe a cikin ƙwayoyin kansu. A watan Nuwamban wannan shekara ya bayyana wa 'yan uwansa likitoci abin da ya gani a garin Tübingen, a 1910 kuma aka sa wa cutar sunansa.

Sai da aka shafe kusan shekara tamanin kafin a san da me aka yi waɗannan abubuwa biyu. A 1984 George Glenner da Caine Wong a Amurka suka tsamo wani guntun furotin da ake kira amiloyid-beta, wanda shi ne ke yin dunƙulen da ke waje. Zuwa 1986 aka tabbatar cewa zaren da ke ciki na wani furotin ne mai suna tawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yau sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kusan miliyan 10 ke kamuwa duk shekara, cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu ita suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu.

Furotin da ya kauce wa naɗinsa

Furotin ba abin da ake samu a wake, kifi da nama kaɗai ba ne. Jiki da kansa yana ƙera dubban nau'insa, su ne ke ɗaukar iska a jini, su narkar da abinci, su isar da saƙo a jijiya. Kowane furotin sarƙa ce da aka jera da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Sarƙar ba ta aiki a miƙe. Sai ta naɗe ta ɗauki siffar da ta dace da aikinta. In naɗin ya kauce, aikin ya ɓaci.

Mutanen arewa sun san illar wannan tun kafin su ji sunansa, domin sun san sikila. A jinin mai sikila, amino asid ɗaya tak ne ya sauya, a gurbi na shida na sarƙar furotin da ke ɗaukar iska. Wannan sauyi kaɗai yana sa furotin ɗin ya riƙa manne wa ɗan uwansa ya zama dogayen sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Sandunan sikila ba amiloyid ba ne, kuma sukan warware idan jini ya sami iska. Na amiloyid ba sa warwarewa da sauƙi, a nan haɗarinsu yake.

Amiloyid-beta ɗan guntu ne, amino asid 40 ko 42, wanda ake yankowa daga wani babban furotin da umarnin ƙera shi ke kan igiyar gado ta 21. Jikin kowa yana yin sa, yana kuma share shi. Mai 42 ɗin ya fi danƙo, kuma idan sharar ta gaza kamo yawan da ake yi, sai ya fara taruwa. Shi kuwa tawu dogo ne, mafi tsawonsa amino asid 441. Aikinsa riƙe hanyoyin da abinci da saƙo ke bi a cikin ƙwayar jijiya. Idan ya saki aikinsa ya koma manne wa 'yan uwansa, hanyar ta rushe, ƙwayar ta mutu.

Yadda zaren yake

Zaren amiloyid kaurinsa bai wuce kimanin nanomita 10 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wato ya fi gashin kai sirantaka sau dubbai. A 1959 aka fara ganinsa a matsayin zare, da madubin da ke aiki da ilektiron maimakon haske. A 1963 Michael Kidd a Landan ya ga cewa zaren da ke cikin ƙwayar jijiyar mai cutar Alzheimer biyu ne a murɗe da juna. A 1968 kuma aka haska wa amiloyid irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, aka karanta tsarin cikinsa daga yadda hasken ya watse.

Tsarin shi ne wannan. Kowane furotin yana kwanciya a shimfiɗe, a gicciye da tsawon zaren, sai na biyu ya hau kansa da siffa iri ɗaya, na uku ya hau na biyu, har dubbai. Kamar a jera faifai a kan faifai ne, kowanne an ɗan juya shi kaɗan, har jerin ya yi tsawo yana murɗewa. Tsakanin hawa da hawa nanomita 0.47 ne, bai kai rabin nanomita ba, kuma a duk tsawon sarƙar akwai ƙananan ɗauri da ke riƙe na sama da na ƙasa. Ɗauri ɗaya ba shi da ƙarfi, amma dubbansu a jere sun sa zaren ya gagari sinadaran jiki masu narkar da furotin. A 2005 ɗakin binciken David Eisenberg a Amurka ya nuna ƙarin sirrin ƙarfin: ɓangarorin da ke fuskantar juna suna shiga cikin juna su ƙulle, har ruwa ba ya samun wurin shiga.

Akwai abu mafi muni. Bakin zaren kansa ma'auni ne. Duk furotin lafiyayye irinsa da ya zo kusa, yana iya kama shi ya tilasta masa ɗaukar wannan siffa. Idan zaren ya karye biyu, baki biyu ya zama huɗu. Haka cutar ke yaɗuwa daga yanki zuwa yanki a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak suka nuna cewa zaren tawu yana farawa ne a yankin da ke ajiye sabon abu, kafin ya bazu. Wannan ne ya sa dattijo zai ba da labarin farin 1973 da abin da ya yi wa garken gidansu tiryan-tiryan, amma ya rantse bai karya kumallo ba alhali kwanon yana gabansa. Ba ƙarya yake ba, ba kuma neman fitina yake ba. Wurin ajiye na yau ne ya lalace, na da yana nan tukuna.

A 1997, wasu masana a Jami'ar Oxford, cikinsu har da Margaret Sunde, Louise Serpell da Colin Blake, suka gwada zaruruwan da aka samo daga cututtuka daban-daban, suka tarar duk tsarin cikinsu ɗaya ne ko da furotin ɗin ya bambanta. Tun daga nan aka fahimci cewa dangi ne babba. Cutar karkarwa ta Parkinson tana da nata furotin, wanda aka gano a wannan shekara ta 1997. Haukan shanu da ya girgiza Ingila yana cikin dangin. Hatta ciwon suga na manya yana da nasa amiloyid da ke taruwa a gaɓar da ke yin insulin.

Shekarar da aka ga fuskarsa

Gani ya kori ji. A 2017 ne aka fara ganin zaren tawu da aka ciro daga ƙwaƙwalwar mutum, har ana iya nuna mazaunin kowane amino asid. Aikin Michel Goedert ne da Sjors Scheres da abokan aikinsu a Cambridge ta Ingila. Dabarar ita ce a daskarar da zaruruwan farat ɗaya a sanyin da ya kai kimanin digiri 180 ƙasa da sifili, a ɗauki dubban hotuna da madubin ilektiron, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da siffa. A wannan shekarar aka ba mutum uku da suka ƙirƙiro dabarar, Jacques Dubochet, Joachim Frank da Richard Henderson, lambar yabo ta Nobel.

Abin da aka gani ya ba da mamaki. Daga cikin amino asid ɗari huɗu da wani abu na tawu, kimanin 73 ne kawai, daga na 306 zuwa na 378, suka yi zuciyar zaren. Sun lanƙwashe kamar harafin C, biyu-biyu a haɗe, sauran sarƙar tana reto a waje. Sai aka ci gaba da duba wasu cututtuka. A 2018 aka ga cewa a cutar Pick, wadda ke fara sauya halin mutum kafin mantuwa, tawu ɗin ya naɗe ta wata siffa dabam. A 2019 aka ga wata siffar a ƙwaƙwalwar 'yan dambe da 'yan ƙwallon Amurka da suka sha bugu a kai. A 2022 aka ga amiloyid-beta na ƙwaƙwalwar mutum, lanƙwashe kamar harafin S.

Darasin a fili yake: furotin ɗaya, naɗi daban, cuta daban, kuma masu cuta iri ɗaya naɗinsu iri ɗaya ne. An kuma gano cewa zaren da ake haɗawa a kwalba a ɗakin bincike sau da yawa bai yi kama da na jikin mutum ba. Ke nan duk mai son ƙera maganin da zai kama zaren, ko sinadarin da zai nuna shi a hoto, dole ya san ainihin siffar da ke cikin kan marar lafiya.

Ɗan Nguru da ɗakin binciken Damaturu

Dakta Mahmoud Bukar Maina ɗan asalin Nguru ne. Ya karanta ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, sannan ya tafi Jami'ar Sussex a Ingila, inda ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin Farfesa Louise Serpell, wadda sunanta ke kan aikin nan na 1997. A kan tawu ya yi bincikensa. A wata maƙala ta 2018, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa tawu ba a hanyoyin jijiya kaɗai yake aiki ba. Ana samunsa har a can cikin cibiyar ƙwayar halitta, a wurin da ake haɗa injinan da ke ƙera furotin. Ma'ana, idan tawu ya lalace, ɓarnar ta fi yadda aka ɗauka faɗi.

A 2021 ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horaswa kan kimiyyar lafiya, wadda aka sani da BioRTC, a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da goyon bayan gwamnatin jihar da kayan aikin da abokan hulɗa daga waje suka bayar. Akwai madubai masu ƙarfi da ke nuna cikin ƙwayar halitta, kuma matasan masana daga sassan Najeriya da wasu ƙasashen Afirka suna zuwa horo. Cikin manyan ayyukan da cibiyar ta sa a gaba akwai cutar mantuwa da kuma ciwon ƙodar da ya addabi garuruwan bakin kogin Yobe. Tana kuma aiki kan dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya fito da ita a 2006: a ɗauki ƙwayoyin jini ko fatar mutum, a mai da su ƙwayoyin asali, daga nan a raine su su zama ƙwayoyin jijiya a faranti. Da wannan za a iya nazarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar Babade ko Bamange ko Bafulatani ba tare da an taɓa kansa ba.

Me ya sa sai namu?

Mafi yawan ƙwaƙwalen da aka ciro waɗannan zaruruwa daga cikinsu na mutanen Turai, Amurka da Japan ne, haka ma mafi yawan waɗanda aka gwada magunguna a kansu. Kuma akwai hujjar cewa cutar ba ta tafiya iri ɗaya a ko'ina. A 1992 Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis, da ma'auni ɗaya. A sakamakon 1995, masu cutar mantuwa a Ibadan kashi 2.29 ne cikin ɗari, a Indianapolis kuwa kashi 8.24. Wata ƙwayar gado mai suna APOE4, wadda ke ninka haɗarin cutar ga Turawa, an tarar tasirinta ga Yarabawa bai kai haka ba. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan kashi 3 cikin ɗari na tsofaffin da aka duba. A 2023 kuma, binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyin gado da ke ƙara haɗarin cutar Parkinson, wanda kusan a jinin mutanen Afirka kaɗai ake samunsa.

Ƙarancin adadin da aka samu a Ibadan da Zariya ba dalilin kwanciya ba ne. Yawan jama'a yana ƙaruwa, tsofaffi suna ƙaruwa, hawan jini da ciwon suga sun shiga ƙauye. Tambayoyin gwajin mantuwa da aka tsara don wanda ya yi boko ba za su auna manomin Gogaram ko makiyayin dajin Jakusko daidai ba, sai an sake su da harshensa da abin da ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganin da ya fito, da nisansa

A watan Yulin 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da lecanemab, a Yulin 2024 kuma da donanemab. Duka biyun suna kama amiloyid-beta su sa jiki ya share shi. Ba sa warkarwa. A gwajin wata 18, lecanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin ɗari ga waɗanda cutar ba ta yi nisa ba. A gwajin an ba da shi ta jijiya duk mako biyu, yana iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, don haka sai ana ɗaukar hoton kai akai-akai. A 2023 farashinsa a Amurka dala 26,500 ne a shekara. Har yanzu masana suna muhawara, domin akwai tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ke cike da dunƙulen amma hankalinsu garau, kuma da yawa suna ganin ƙananan curin da ke yawo kafin su zama zare sun fi dogon zaren dafi. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne amiloyid yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama. Shi ya sa gwajin jini na farko da Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2025 ya fi zama abin fata ga ƙasa irin tamu, domin jini ana iya ɗibarsa a Jakusko a kai Damaturu.

Abin da ke hannunmu yau

Jakusko ƙaramar hukuma ce ta manoma, masunta da makiyaya a masarautar Bade, kan hanyar Potiskum zuwa Gashuwa, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum dubu 200. Maganin dala dubu 26 ba zai iso nan gobe ba. Amma akwai abin yi.

Na farko, a kai tsoho asibiti. Ba duk ruɗewa ce ta amiloyid ba. Zazzaɓi, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani da wasu magunguna duk suna ruɗa tsoho, kuma ana maganinsu. A ƙasar Bade, inda ciwon ƙoda ya yi yawa, wannan ya fi muhimmanci, domin idan ƙoda ta gaza dattin da ke taruwa a jini yana gusar da hankali. Su ma masu zuwa wankin ƙoda na shekaru, a 1985 likitocin Japan sun gano wani furotin da ke taruwa ya zama amiloyid a gaɓoɓinsu. Sakamakon daɗewa a kan na'urar ne, ba shi ke jawo ciwon ƙodar ba, amma ya isa dalilin gaya wa likita idan wuyan hannu ko kafaɗa suka dame su. Akwai asibitin Gashuwa, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, da asibitin koyarwa a Damaturu, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri.

Na biyu, rigakafi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da, in aka magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin ji, rashin gani, bugu a kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici da ƙarancin karatu tun yarinta. A fassara su zuwa rayuwarmu: gwada jini tun daga shekara arba'in, cire yanar ido, hular kwano ga mai babur, rage hayaƙin icce a madafa, sa yara makaranta, da barin tsoho a zaure cikin mutane maimakon kulle shi a ƙuryar ɗaki.

Na uku, a kula da masu jinya. Nauyin yana kan mata, 'ya'ya da surukai da jikoki, waɗanda ke wanki da ciyarwa da gadi dare da rana, wani lokaci har su sha zagi daga wanda ya haife su bai gane su ba. Suna buƙatar a karɓe su, a kuma gaya musu gaskiyar abin da ke faruwa.

Kiranmu ga gwamnatin Yobe shi ne ta ɗore da tallafa wa cibiyar Damaturu, ta kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Jakusko, Bade da Nguru su riƙa gane alamun farko. Ga hakimai da limamai, su faɗa a fada da kan mumbari cewa tsohuwar da ke surutai ba mayya ba ce, marar lafiya ce, haƙƙinta a kanmu ya ƙaru ne bai ragu ba. Ga iyalai kuma, idan masu bincike suka zo da izinin hukuma suka yi bayani gamsasshe, a saurare su, domin da jininmu da amsoshinmu ne za a san yadda cutar take a jikinmu. Mai karatu, in akwai dattijo a gidanku da ya fara mantuwar da ta wuce ƙima, kada ka tsaya a kan "tsufa ne". Ka kai shi a duba shi.